Hubusi Ba Ya Tsayuwa Da Fatar Baki: Wasiƙa Daga Madina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zan ɗan zarce yadda aka saba, domin in tofa albarkacin bakina a kan maganar da jaridarka ta tayar kwanakin baya, wato yadda makarantu da rijiyoyi da gidajen marayu da masu hannu da shuni suke ginawa a ƙasarmu suke durƙushewa da zarar an kai mai su makwanci. Ni akanta ne, shekarata ashirin da uku ina riƙe da littattafan wani kamfanin dabino a nan Madina, saboda haka idan aka ga na karkata ga lissafi fiye da wa'azi, a yi mini uzuri, sana'a ce ta bi jiki.

Bara wani ɗan'uwanmu direba ya rasu a nan, ya bar mata da 'ya'ya biyar a gida Najeriya. Bayan an yi masa salla a Harami an kai shi Baƙi'a, muka taru bayan isha'i a ɗakin wani dattijo da muke kira Baba, mu kusan talatin a kan darduma ɗaya, da fulas ɗin shayi da farantin dabino a tsakiya. Aka cire hula aka zagaya da ita. Ni aka miƙa wa ƙirga, na jera takardun a kan gwiwata, hamsin-hamsin da goma-goma, har da 'yan riyal ɗai-ɗai da suka sha gumi a aljihu, suka tashi riyal 6,300. Na san waɗanda suka sa hannu a wannan hula, akwai wanda kuɗin sabunta igamarsa, wato takardar izinin zama, ya taɓa, akwai wanda albashinsa na wata biyu yake hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Aka tura wa matar, ta yi godiya har da kuka. Wata huɗu bayan nan ta bugo waya a kan kuɗin makarantar yaran, aka sa maganar a zaurenmu na WhatsApp, sai shiru, domin a tsakanin an sake yin rasuwa biyu kuma an zagaya da hular sau biyu. Da muka haɗu da Baba a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Akanta, kai da ka san boko, haka za mu yi ta yi har mu ƙare?" Na ce masa, "Baba, Allah Ya ba mu mafita," domin a lokacin ba ni da wata amsa da ta wuce wannan.

Amsar ta zo mini ta inda ban zata ba. Ƙanena likita ne a Amurka, kuma da na kai masa kukan abin da ya faru, sai ya turo mini rahoton shekara na gidauniyar al'ummar Yahudawan birnin da yake zaune, ya ce in karanta shi da idon akanta. Na karanta, na kuma bi intanet na nemo na wasu biranen, kuma abin da na gani shi ne nake son masu karatu su yi tunani a kansa.

Yahudawan Amurka sun fara ne kamar yadda muke a yau, baƙi masu ƙananan ƙungiyoyi barkatai, kowace tana bin gida-gida da ƙoƙon bararta. A 1895 na birnin Boston suka haɗa ƙungiyoyinsu a inuwa guda, ana tara kuɗi sau ɗaya a shekara a raba musu. Wannan ya rage wahalar roƙo, amma abin da aka tara a shekara a shekarar yake ƙarewa. Dabarar ajiye uwar kuɗi ta gari gaba ɗaya ta fito ne a Cleveland a 1914, daga wani lauya kuma shugaban banki mai suna Frederick Goff, wanda ya kafa gidauniyar gari ta farko don kowa da kowa. Yahudawa suka ɗauki wannan tsari suka ɗora a kan tsohuwar al'adarsu ta tsedaka, kalmar da tushenta ɗaya da sadaka tamu. Gidauniyar Yahudawan Los Angeles ta tsaya a 1954, asusun Jewish Communal Fund na New York kuma a 1972, kuma yau da wuya ka sami babban birni a ƙasar da ba shi da irinsu.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum yakan ba gidauniya kuɗi ko gida ko hannun jari, da ransa ko ta wasiyya, a rubuta yarjejeniya a sa hannu. Gidauniya ba ta raba wannan dukiya. Takan zuba ta cikin babban asusu guda tare da ta sauran mutane, ta damƙa wa ƙwararru su juya ta ƙarƙashin sa idon wani kwamiti, sannan kowace shekara ta cire wani ƙaramin kaso, yawanci huɗu zuwa biyar cikin ɗari, ta yi aikin alheri da shi. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai lissafi shi ne ba a kan darajar asusun ta ranar ake cire kason ba, ana ɗaukar matsakaicin darajarsa ne na shekaru uku ko biyar da suka wuce. Hikimar ita ce idan kasuwa ta faɗi a bana, marayan da ake biya wa makaranta ba zai ji faɗuwar a jikinsa nan take ba, idan kuma ta tashi, kwamiti ba zai ruɗu ya yi facaka ba. A ƙaddara asusu na riyal miliyan ɗaya, kaso huɗu cikin ɗari zai ba da riyal 40,000 a shekara. Wani zai raina wannan, ya ce da an raba miliyan ɗin yau da an share hawaye da yawa. Gaskiya ne, amma bayan shekara ashirin da biyar an riga an raba miliyan cur, uwar kuɗin kuma tana nan tana haihuwa.

Asusun ba iri ɗaya ba ne. Wani yakan bar wa amintattu zaɓi su kashe inda suka ga buƙata ta fi tsanani, wani yakan ce nasa na ilimin yara ne ko na kula da tsofaffi, wani kuma yakan ambaci makaranta guda ko wurin ibada guda. Akwai wanda mai bayarwa yake ci gaba da ba da shawarar inda za a kai tallafin, bayansa 'ya'yansa su gaje shi a shawarar, alhali dukiyar ta riga ta fita daga hannunsu a shari'ance, ba mai iya dawo da ita aljihunsa. Ƙananan makarantu da majami'unsu ma, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar ƙwararren mai juya kuɗi, sukan kawo 'yar ajiyarsu cikin babban asusun, kowa da lambarsa da lissafinsa. Akwai kuma sharaɗin da Goff ya dage a kansa tun farko, cewa idan manufar da mamaci ya ambata ta gushe, misali makarantar ta rufe ko cutar da ya so a yaƙa ta kau, amintattu suna da ikon juya kuɗin zuwa abin da ya fi kusa da niyyarsa, don kada wanda yake kabari ya ɗaure hannun masu rai. Malamanmu na fikihu sun daɗe da tattauna irin wannan mas'ala a babin sauya wakafin da amfaninsa ya yanke.

Rabon tallafin shi ma yana da ƙa'ida. Gidauniya takan sanar cewa bana za ta tallafa wa aiki kaza, ƙungiyoyi su rubuto buƙatunsu da kasafinsu, kwamitin 'yan sa kai ya karanta, ya je ya ga wurin da idonsa, wanda yake da alaƙa da wata ƙungiya mai nema ya bayyana ya kuma fita daga ɗakin lokacin yanke hukunci. Idan an amince, sau da yawa ba a bayar da kuɗin gaba ɗaya, ana sakin kashi na biyu ne bayan an kawo rahoton na farko. A ƙarshen shekara masu binciken kuɗi daga waje su duba littattafai, a kuma miƙa wa hukumar haraji takardar da ake kira Form 990, wadda kowa yake iya gani, har da albashin shugabannin gidauniyar. Ni da nake zaune a Madina na ga abin da ake biyan shugaban wata gidauniya da ke nesa da ni da dubban kilomita, amma har yau ban taɓa ganin lissafin asusun masallacin unguwarmu a gida ba, wanda nake aika wa kuɗi tun ina saurayi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke roƙon wasiyya. Tun 2012 gidauniyar Harold Grinspoon take tafiyar da wani shiri mai suna Life & Legacy, inda ake koya wa mutanen makarantu da majami'u yadda za su zauna da ɗan'uwansu, malamin makaranta ne ko mai kanti ko tsohuwar da ta yi ritaya, su tambaye shi cikin ladabi ko zai rubuta wa al'umma wani abu a wasiyyarsa. Ba a ce ya kawo ko sisi a yau, takardar niyya kawai zai sa wa hannu, daga baya ya je wurin lauya ya tabbatar. A nan ne zancen da ake yawan yi a majalisunmu, cewa ai su duk attajirai ne ko suna da wani sirri, ya rushe mini. Akwai manyan attajirai a jerin sunayen, babu musu, amma shafukan cike suke da mutane masu matsakaicin hali, kuma cikin masu karɓar tallafin akwai tsofaffin Yahudawa da ba su iya biyan haya ko sayen magani. Mu kuwa shari'a ta ba kowannenmu damar yin wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, amma a cikinmu idan ka ce wa mutum ya rubuta wasiyya sai ya ɗauka fatan mutuwa kake yi masa.

Na san wasu za su ce me ya kai Musulmi mazaunin Madina yabon tsarin Yahudawa a wannan lokaci da ake zubar da jinin Falasɗinawa. Zuciyata tana tare da mutanen Gaza kamar ta kowane mai karanta jaridar nan, kuma ba zan ɓoye ba cewa wani ɓangare na tallafin waɗannan gidauniyoyi yana tafiya ga ƙungiyoyi a Isra'ila, kamar yadda wani ɓangaren yake tafiya ga asibitoci da jami'o'i da wuraren ciyar da mabuƙata na garuruwansu ba tare da duba addini ba. Maganata a kan yadda ake tsare amana ce, kuma a wannan babi tarihin garin da nake zaune ya riga ni magana. Masu sira, tun daga Ibn Ishaƙ, sun kawo labarin Mukhairiƙ, malamin Yahudawa mai dukiya, wanda ya fita ranar Uhudu a shekara ta uku bayan hijira, ya ce idan an kashe shi dukiyarsa ta Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka kashe shi, ya bar gonakin dabino bakwai, Manzon Allah ya mayar da su sadaka, kuma malamai da yawa suna ƙirga su a matsayin wakafi na farko a Musulunci, duk da saɓanin da ke akwai kan ko mutumin ya musulunta. Aron ma ba ɓangare ɗaya ya bi ba. Tsofaffin takardun da aka samu a ma'ajiyar majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira sun nuna Yahudawan Masar suna da gidaje na hubusi, wato wakafi, da suke kira hekdesh, ana karɓar hayarsu a saya wa matalauta gurasa, a biya malamai, a gyara majami'a, kuma har kalmomin Larabci na wakafi suna amfani da su. A can Alƙahira malamin Yahudawa Musa bin Maimun, ɗan Kurduba ta Andalus da ya rasu a 1204, ya rayu, wanda ya jera sadaka hawa takwas ya ce mafi ɗaukaka ita ce ka ba mutum rance ko jari ko aikin da zai hana shi sake roƙo. Ƙungiyar ba da rance babu ruwa da Yahudawan New York suka kafa a 1892 tana nan tana aiki, kuma ba kowa ba ne zai iya bambanta ta da abin da muke kira ƙardi hasan.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da tabo. A watan Disamba na 2008 asirin Bernard Madoff ya tonu, mutumin da ya shekara da shekaru yana karɓar kuɗin jama'a da sunan juyawa alhali na wannan yake biyan wancan da shi. Cikin waɗanda ya fi cuta akwai ƙungiyoyin agajin Yahudawa, domin sun ɗauke shi nasu ne, ana haɗuwa da shi a wurin biki da wurin ibada, aka ji kunyar tambayarsa takardu. Gidauniyar marubucin nan Bayahude Elie Wiesel ta rasa sama da dala miliyan 15, kusan duk abin da ta mallaka. Ta Los Angeles ta rasa dala miliyan 18, amma ta tsaya da ƙafarta saboda ƙaramin kaso ne na dukiyarta ta ajiye a wurinsa. An yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar Hausawa ya san wannan kunya, inda idan ka nemi ma'aji ya kawo rasit sai a ce kana zargin dattijo. Akwai kuma masu sukar asusun da mai bayarwa yake ba da shawara a kansa, saboda dokar Amurka ta tilasta wa gidauniyoyin iyalai kashe kusan kaso biyar cikin ɗari a shekara amma ba ta ɗora wa irin wannan asusu haka ba, sai kuɗi ya yi ta taruwa mabuƙata suna jira. Ko a cikinsu ma an sami wanda ya ƙi ajiyar har abada. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, jagoran ilimin baƙar fata, ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 ga 'ya'yan baƙar fata a kudancin Amurka, da sharaɗin mutanen kowane ƙauye su kawo nasu kason ko da na ƙarfin jiki ne, kuma ya yi umarni a ƙarar da asusunsa bayan mutuwarsa, aka rufe shi a 1948. Ra'ayinsa yana da nauyi, sai dai cutarmu ba tasu ba ce, mu ba mu taɓa tara abin da zai yi yawa ba. Batun kuɗin ruwa kuwa a fili yake, suna zuba jari a inda shari'armu ta hana, mu kuma muna da gidajen haya da gonaki da sukuk, wato takardun jari na Musulunci, da hannun jarin da malamai suka tantance.

Asalin abin namu ne tun fil azal. Da Sayyidina Umar ya sami fili a Khaibara ya nemi shawara, Annabi ya ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, Umar kuma ya gindaya cewa ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Wannan shi ne kaso huɗu cikin ɗari da uwar kuɗi, ƙarni goma sha uku kafin Goff. Ranar Juma'a da yamma nakan kai yarana wajen rijiyar Ruma kusa da kwarin Aƙiƙ, wadda Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi, mu tsaya a bakin shinge muna kallon itatuwan dabinon da suke kewaye da ita. Yau tana hannun hukumar da ta rubuta ta a littafi ta sa mai kula.

Kishiyar wannan na gani da idona. Wani Alhaji da ya yi arziki a nan ya gina gida mai ɗaki goma sha biyu a garinsu, ya faɗa a gabanmu, ba sau ɗaya ba, cewa hayarsa ta makarantar marayu ce har abada. Na ce masa, "Alhaji, a rubuta a kai gaban alƙali." Ya yi dariya ya ce 'ya'yansa masu tarbiyya ne. Bayan rasuwarsa magada goma sha ɗaya suka zauna, babu takarda, shaidu kuma muna wata ƙasa, gidan ya shiga rabo. Ban ga laifinsu sosai ba, wasunsu suna cikin matsi, kuma ba a nuna musu komai a rubuce ba. Da na je hutu na tarar an fasa ɗakunan gaba an yi shaguna, malaman makarantar kuma sun watse.

Mu mazauna Saudiyya ba za mu iya kafa irin wannan asusu a nan ba, domin dokar ƙasar ta hana tara gudummawa ba tare da izini ba, kuma baƙo ba ya wasa da wannan, ko hular da muke zagayawa da ita ma a ɗarare muke yi. A gida ya kamata a kafa shi, a yi wa amintattu rajista a hukumar rajistar kamfanoni, a tabbatar da wakafin a kotun shari'a, a ɗauki mai binciken kuɗi wanda ba ɗan'uwan kowa ba, a rubuta tun ranar farko kason da za a riƙa cirewa da kuma iyakar abin da za a ajiye a hannun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Dole kuma a yi hattara da ajiye tsabar naira, domin wanda ya ajiye ta a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga ta haura 1,500 a 2024, kuma asusun da ya narke haka sunansa kawai ya rage. Mu goma sha huɗu daga cikin waɗanda suka zauna a ɗakin Baba mun sa hannu a takardar niyya, kowa ya ambaci kason da zai bari daga sulusinsa, kuma wani lauya a gida yana tsara mana takardun rajista.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka tura wakilanka Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da takwarorinta na Sakkwato da Zamfara, su tambayo mana gidaje da filaye nawa ne na wakafi a hannunsu, nawa suke kawowa a shekara, wa yake binciken littattafansu, kuma ko ƙungiya irin tamu za ta iya ajiye asusunta a wurinsu da lambarta da lissafinta. Idan sun amsa, ka buga amsar da alƙalumanta yadda suke, domin muna son mu gani kafin mu yanke shawarar inda za mu kai namu a taronmu na bayan aikin hajji.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani akanta, daga Madina, Saudiyya